Ragon Kawu a Gidan Malam Jatau

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokina mai tsohuwar motar nan da sai an yi mata addu'a kafin a murɗa makulli. Saura kwana biyu Babbar Sallah. Jama'a ku gyara zama, don abin da idona ya gano mini a Daura ko a mafarkin zazzaɓi ban taɓa ganin irinsa ba.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata, ya kira ni a waya ana gobe za mu tafi. Ya ce, "Ka zo gobe-goben nan. Akwai maganar da nake so a faɗa wa wani mutum, na duba dangi kaf, kai kaɗai ne Allah bai ba kunya ba." Na ce, "Kawu, yabo ne wannan ko zagi?" Ya kashe wayarsa.

Hanya kuwa, daga Dambatta har Kazaure, raguna sun fi mutane yawa. Rago a bayan babur, rago a but ɗin mota, na ga wani a kujerar gaba ya leƙo da kai ta taga kamar shi ya yi shatar motar, mai shi kuma yana matse a baya. A Kazaure muka tsaya shan shayi. Ƙwai biyu da rabin burodi, mai shayi ya faɗi kuɗin da ya sa na duba ko da kazar ya haɗa mini. Na yi magana, ya ce, "Ai Sallah ce." Na ce, "To ita ma kazar layya za ta yi?" Ko dariya bai yi ba.

Da hantsi muka shiga Daura. Kawu ya sa aka dama mana fura mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a cikinta kamar soja. Sai da muka sha muka yi gyatsa, sannan ya gyara murya ya kawo maganar.

Ashe gidan da ke jikin nasa, wanda shi ma nasa ne, wata makaranta ta kama wa malaminta na Turanci haya. Bature ne fari fat, daga can ƙasarsu aka ɗauko shi, bai cika shekara a garin ba. Sunansa ya gagari bakin unguwa, sai suka raɗa masa Malam Jatau. To gidan na da fili da inuwar darbejiya, gidan Kawu kuwa ko akuya ba ta da wurin juyawa. Shi ya sa wata bakwai da suka wuce Kawu ya kai ragonsa na layya ya turke a can, kamar yadda kowa ke yi da maƙwabcinsa, bai ga abin dogon bayani ba. Ai ko yaron goye ya san rago ba don hoto ake turke shi ba.

Bature bai sani ba. Bai taɓa ganin Babbar Sallah ba. Ya ɗauki rago ya mai da shi ɗan'uwa.

Kawu ya ce, "Sau huɗu ina zuwa in faɗa masa. In na tarar yana goge wa ragon nan fuska da tawul, sai in ce gaisuwa na zo. Baƙo ne, ba shi da kowa a ƙasar nan. Limami ya je, ya dawo. Mai unguwa ya je, ya sha shayi, ya dawo. Ni kuma wannan ragon kaɗai gare ni, ban taɓa fashin layya ba tun da na yi aure." Ya kalle ni. "Ka je ka karɓo mini ragona, amma kada ka ɓata masa rai."

Na ce, "Kawu, ni da na taɓa sayar wa mai kanti kayansa? Ba ni minti biyar."

Ba mu same shi a gida ba. Aka ce ya tafi suna a bayan kasuwa. Muka je, aka ce yanzu ya bar nan, ya tafi ta'aziyya. Muka je gidan rasuwa, jama'a, ga mutum zaune a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, jamfa da wando da hula zanna, fuskar nan rana ta gasa ta ta yi ja kamar tattasai, ya ɗaga hannu yana "amin, amin" tare da kowa. Da muka fito na miƙa masa hannu, na shirya ɗan Turancina na kasuwa. Sai na ji: "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen Kano? Ya iyali? Ya muka ji da haƙuri? Ya gajiya?" Wallahi sai da gaisuwata ta ƙare tasa ba ta kai rabi ba. Ni ɗan Kano, Bature ya kayar da ni a gaisuwa a bainar jama'a.

Muka bi shi yana tura kekensa. Tafiyar minti goma ta ci mana awa guda. Mai tsire ya kira shi, tela ya kira shi, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta tsare shi tana faɗa wai ya rame, ya durƙusa har ƙasa yana ba ta haƙuri. Ni a zatona Bature ba zai yi sati a garin da tun zuwan Shari'a ko kwalbar giya ba ka gani. Na ɗan gwada shi, na ce, "Malam, ba ka kewar abin nan na gida?" Ya ce zoɓo ya fi, sai dai a rage masa citta.

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, 'yan acaɓa da teloli da wani mai gyaran rediyo suka zauna, yana koya musu Turanci kyauta, su kuma suna gyara masa Hausa. Da aka tashi suka buɗe dara. Nan ma ya ci mai gyaran rediyo sau biyu yana yi masa tsiya.

Sannan muka shiga gida, na ga ragon.

Jama'a, ni na ga raguna. Wannan ba rago ba ne, ɗan maraƙi ne ya yi ɓatan kai. Fari tas, gashin nan na sheƙi, yana ƙanshin sabulun da ni kaina sai ranar Juma'a nake wanka da irinsa. Yana da kwanon ruwansa, da tawul ɗinsa, da buhun da yake kwanciya a kai. Yana jin ƙarar keke ya miƙe ya zo ya ɗora kai a cinyar Bature. Malam Jatau ya ce, "Farfesa, gai da baƙi." Na ce a raina, Farfesa yau, farfesu jibi.

Na buɗe baki in yi aikin da ya kawo ni. Sai ya fara ba ni labari. Wai watanninsa na farko ba ya jin ko "zo", ba mai hira da shi, in ya dawo daga makaranta ragon nan yake zama yana yi wa magana. A kansa ya koyi Hausa, shi yake gaisarwa yana maimaitawa har ta zauna. Na kalli abokina, abokina ya kalli darbejiya. Na ce, "Malam, dama gaisuwa muka zo."

Kawu na ganina hannu rabbana ya ce, "Kai ma?" Na ce, "Kawu, dabara ce, sai da safe."

Da safe Malam Jatau da kansa ya yi sallama, wai ko za mu rage masa hanya zuwa Mai'adua, ranar kasuwa ce. Muna fita gari, gonaki dama da hagu, babura na wuce mu da lodin da ya fi na motarmu, sai ya ce daga baya, "Na san abin da ya kawo ka."

Saura kaɗan abokina ya sa mu a rami.

Ashe tun watan jiya ya sani. Ya ba ɗalibansa aikin rubuta yadda ake Sallah a gidajensu, yara arba'in, kowa ya rubuto masa yanka da fiɗa da suya dalla-dalla, har wani ya ƙara da cewa bana ragon da ke gidan Malam ya fi na kowa kitse. Ya ce ya daɗe yana son yi wa Kawu magana, amma in ya ga dattijon ya zo ya tsaya yana murza hula, sai shi ma nauyi ya kama shi. Kun ji fa! Wata guda mutum biyu suna gaishe da juna safe da yamma, kowa da rago a maƙogwaro. Ya ce shawarar da ya yanke ita ce ya tara albashinsa ya sayo wa Kawu, wanda yake kira Baba, wani ragon, a yi musaya.

Na ce, "Malam, ka kawo kuka gidan mutuwa, ciniki gadona ne. Kai dai kada ka buɗe baki, in suka ga farar fata ko ɗan akuya sai ya zama kuɗin raƙumi."

Kasuwar Mai'adua kuwa sai wanda ya gani. Dabbobi har inda ido ya tsaya, mutanen Nijar da rawunansu, dillalai na jan hannunka ta ko'ina kamar kai ne ragon. Na samu wani ƙato da zai iya tsayawa kusa da Farfesa ba a ji kunya ba. Na taya, na tafi, aka kira ni, na rantse, aka rantse, gumi har cikin takalmi. Muna gab da daidaitawa na juya in kira mai kuɗin.

Ga shi nan tafe yana murmushi, riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai wani abu. Na dai san rago ne saboda ƙaho, shi ma ɗaya ya karye. Ido ɗaya ya shanye, ƙafar baya na jan ƙasa, haƙarƙarin nan ana iya koya wa yara ƙidaya da shi. Na ce, "Innalillahi! Malam, tsintarsa ka yi?" Ya ce saye ya yi, har mai shi ya sallama ya kama hanyar Nijar. Wai tun da muka shigo yake kallonsa, kowa na wuce shi, yana shan wahala. To in dai dole a yanka wani, ai gara wannan ya huta, mai lafiya ya rayu.

Na dafe kai da hannu biyu. Na ce, "Malam, ba a layya da wannan!" Ya ce, "Ba rago ba ne?" Abin da ya rage a aljihunsa ko wutsiyar nawa ƙaton ba zai saya ba. Haka muka ɗora gurgun ragon a but muka juyo, yana ta tari.

Kawu na zaune a ƙofar gida muka sauke. Malam Jatau ya durƙusa ya yi bayaninsa tiryan-tiryan. Kawu ya tashi ya zagaya ragon sau ɗaya. Ni ina jiran a yi dariya ko a yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya koma ya zauna, ya ce a hankali, "Malam, na gode, Allah ya ga zuciyarka. Amma layya ba yanka ba ce kawai. Allah ake ba, kuma ba a ba shi gurgu ko mai ido ɗaya. Wanda ka fi so, wanda ya fi lafiya, shi ake bayarwa."

 Bature ya miƙe ya shiga gida. Can sai ga shi da Farfesa, ya goge shi tas. Ya sa igiyar a hannun Kawu da hannunsa biyu, ya ce, "To Baba, ga wanda na fi so." Idon nan ya fi fuskar ja.

Ni da aka ɗauko don rashin kunya, sai ga ni ina duba tayar mota. Kawu ma ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba. Sannan ya nuna gurgun da haɓa ya ce, "Wannan kuwa ka riƙe abinka. Duk ƙasar Daura ba mai zuwa ya karɓe maka shi, bana ko baɗi."

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, Kawu bai yi yanka a ƙofar gidansa ba kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ya sa muka kai ragon gidan ƙaninsa a wata unguwa, can aka yi komai. Da aka zo rabon nama, kowa ya san cinya ta maƙwabcin kusa ce. Kawu ya ce a'a. Ya ba ni kwanon waina da miyar taushe ba ko tsoka ɗaya, da rabin buhun dusa da damin harawa, ya ce in kai. Na tarar da Malam Jatau sanye da sabuwar shadda, zaune a gindin darbejiya yana wanke wa gurgu ido da ruwan ɗumi. Ya karɓa, ya dubi dusar ya yi dariya, ya ce in ce wa Baba barka da Sallah, da la'asar zai shigo gaisuwa. Kuma ya shigo.

Washegari muka kamo hanyar Kano, but cike da soyayyen nama, motar ta mutu sau biyu kafin Dambatta, amma mun iso lafiya kafin azahar. Mahaifiyata na ganina ta ce, "To, ka karɓo wa yayana ragonsa?" Na ce, "Inna, ko harafi ɗaya ban faɗa ba."

Abin da na koyo a tafiyar nan, na farko, in ka turke rago a gidan baƙo, ka faɗa masa ranar da za ka zo ɗauka. Na biyu, in za ka kai Bature kasuwar dabbobi, shi za ka ɗaura wa igiyar. Na uku, kunyar nan da muke cewa gadonmu ce, ashe ana ɗaukarta a ruwan gari, don na ga wanda ya zo daga bayan teku ya kamu da ita cikin wata bakwai, har ta harbe ni.

Jiya Kawu ya kira ni. Wai gurgu ya fara ƙiba, kuma duk unguwar ba wanda ya ko kalle shi da sha'awa.