Gwamna ko Firimiya

Gaban gidan waya na Tambuwal wani dattijo yana tsugune, lakar hanyar Kebbe har ƙwauri. Tambaya mai ƙosai tana kallonsa tun hantsi. Takardar kuka ce a hannunsa: sabuwar hanya ta cinye masa gona, ga shuka ta kama.

Mai rubutun wasiƙa ya sa "Gwamna" a kai. Akawu, da bakinsa mai kama da kakaki, ya ce tun tafiyar Turawa iko na hannun Firimiya. Masinja ya rantse Gwamna ne babba. Suna ta gardama, ba mai dubansa.

"Malam, to wa za ka aike ma?" in ji Tambaya.

Ya naɗe takardar, ya cusa cikin hula.

"Oho, baiwar Allah. Randa anka yanke gonar, kowa ya san mai iko."