Iskar da Kawu Ya Rage

Ranar da za a yanke ko zan riƙa shiga filin tsere ni kaɗai, ba malamin tuƙi a gefena, Kawu yana gidanmu a Greenbelt, a Amurka. Ƙanen mahaifiyata ne, ya zo a duba masa ido, kuma ya daɗe yana jan tirela tsakanin Jos da Legas kafin ya ajiye. Motata ƙarama ce mai ƙofa biyu. Da ita nake zuwa aiki, ranar Asabar kuma in kai ta wani fili a West Virginia inda ake barin irinmu su gwada gudu. Wannan Asabar ce ta ƙarshe kafin a rufe filin saboda sanyi. In na faɗi, sai baɗi.

Da safe na tarar da shi yana zagaya motar.

"Wannan farantin da ka ɗora mata a baya, na shanya ne?"

Na ce fiffike ne irin na jirgin sama, amma a kife. In mota ta ɗau gudu, iska na danna shi ƙasa, tayoyin baya su ƙara kama kwalta.

"Wato lodi ba buhu," in ji shi. "Mu masara muke ɗorawa."

Abin da bai faɗa mini ba, ya taɓa tayoyin ya ji sun yi masa laushi, ya ɗauko famfon da ke but ya cika su tam, yadda masu faci ke yi a gida saboda ramuka da nauyin kaya. Ni kuwa da gangan na rage musu iska tun jiya da yamma, domin taya in ta yi zafi iskar cikinta ƙaruwa take. Ban sake aunawa ba, muka tafi filin tare da shi.

A kwanoni masu faɗi, inda hanyar ke lanƙwasa a hankali, fiffiken ya rufa mini asiri. Amma a wata matsattsiyar kwana da ke bayan wani tudu gudu yana raguwa, iska ba ta danna komai, aikin na taya ne kaɗai. A zagaye na huɗu bayan motar ya zame har na taka ciyawa. Malamin, wani dattijon Ba'amurke marar yawan magana, ya ce in fita daga filin. Saura shiga ɗaya da rana, in haka ta sake faruwa ba zai sa hannu a takardar izinina ba.

Na sa gejin auna iska a taya, na ga lamba, na gane. Ina neman yadda zan faɗa wa Kawu a gaban mutane, sai na gan shi ya riga ya tsuguna, yana bin faɗin tayar da tafin hannu.

"Tsakiya zafi, gefe sanyi ƙalau. A kan cibiyarta kawai take tafiya." Ya ɗago ya dube ni. "Ni na ƙara mata iska."

"Kawu, ai ba komai."

"Da komai mana. Miƙo makulli."

Da kan makullin ya danna bawul, kunne a kusa, ya saki, ya taɓa, ya sake dannawa. Haka ya bi su huɗu. Ta gaba ta hagu ya fi rage wa.

"Ita ke shan wahala. Kwanoninku yawanci dama suke, na ƙirga."

Na bi bayansa da geji. Uku sun zauna daidai inda nake so. Ta huɗun na bar ta yadda ya bar ta.

Da rana motar ta shiga matsattsiyar kwanar ta fito ba ko kukan taya. Da muka tsaya, malamin ya zaro biro ya sa hannu. Ya tambaye ni wane ne dattijon nan. Na ce kawuna ne, direba. Sai ya nuna tasa motar, wadda ta fito daga fili da ɗuminta, ya ce ko Kawu zai taɓa masa tayoyinta.

Kawu ya tattare babbar riga, ya zagaya ta a tsugune.

"Faɗa masa ta baya ta dama tana son iska kaɗan. Kaɗan fa, kada ya yi irin tawa."