Sunan marigayi Malam Habu ya fito a wifi

Jama'a, yau saura kaɗan gadin makarantar nan ya fita hannuna saboda mamaci!

Ina zaune bakin ƙofa da hantsi, sai ga ɗalibai sun yo kaina, kowa da salula a hannu. Wai sabon wifi ya fito, sunansa Malam Habu. Malam Habu da na gaji aikinsa! Bara muka kai shi makwanci.

'Yarsa Rabi a nan take karatu. Tana gani ta zube tana kuka.

Direkta ya fito ransa a ɓace. Aka bi rezo, wato siginar wifin, inda ya fi ƙarfi aka tsaya: ƙofar mangaza, ɗakin ajiyar kaya. Ni kaɗai ke da makullinta.

Ya ce, "Ilu, da mamaci kake wasa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san abin nan ba."

Ya ce, "Buɗe. In da hannunka, yau ka bar aiki."

Na buɗe. Can bayan karyayyun kujeru wani ɗan akwati yana ƙyafta wuta!

Direkta ya kira wanda ya haɗa wifin. Mutumin ya ce kowane akwati sunan mai makullin ɗakin ya sa masa, don ya san wanda zai nema. A lokacin Malam Habu ke da makullin mangaza. Wayar wutar mangaza ta daɗe a tsinke, jiya masu gyara suka haɗa ta.

Direkta ya ajiye numfashi. Ya ce, "To, a canza. A sa Ilu."

Na ce, "A'a wallahi! A sa Mangaza. Ita ba ta mutuwa."