Fitsarin jinin da aka ce min alamar girma ce

Na daɗe ban ce uffan ba a shafin nan. Masu cewa iskokin ruwa sun kama ni, ku matso kusa. Ga ni da raina, kuma a fusace nake.

Tun ina yaro a bakin ruwan Yauri nake fitsarin jini. Ranar da na faɗa wa Kawu Bawa, ƙanin Innata, dariya ya yi har da buga cinya.

"Wanga ba ciwo na ba, ka zama namiji. Duk ɗan bakin ruwa sai ya yi shi."

Haka na girma ina tuƙa jirgin inji tsakanin Yelwa da Shanga, ina ɗauke da cuta ina taƙama da ita.

Bara fitsarin ya tsaya cak. Marata ta kumbura, ƙafafuna suka yi suntum. A asibitin Yelwa aka sa min robar fitsari, aka tura ni Sakkwato. Gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ciki, kullum da sabon abin biya. Sai da aka sayar da injin jirgina.

Likita ya dubi hoton, ya dube ni. "Tsargiya ce, ta daɗe tana cin mafitsararka. Ƙoda ɗaya ta mutu, sai an cire ta. Da tun kana yaro ne, 'yan ƙwayoyi sun isa."

'Yan ƙwayoyi fa!

Na ce ba za a yanka ni ba, gara in mutu. Inna ta yi kuka har ta gaji.

Masu dubiya kuwa kowa da wa'azinsa: ka yi haƙuri, imaninka ne ya yi rauni. Mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, ya yi fitsarinsa lafiya lau, ya zo yana koya min haƙuri.

A gadon kusa da nawa akwai Yohanna, manomi daga tudun Ngaski, an yanke masa ƙafa. Wata rana da hantsi ya miƙo min iyafis ɗaya na wayarsa in sa a kunne.

"Ɗan'uwa, ji wanga. Shi ma ya kwanta kamar mu."

Albam ne na wani mawaƙi da ya sha doguwar jinya. Waƙoƙin farko ba lallashi a ciki. Kuka yake kai wa Ubangiji, yana cewa ya gaji, jikinsa ya zame masa kaya. Sai can wajen ƙarshe muryar ta sauko, ya koma roƙo. Na ja mayafi na rufe fuska na yi kuka. Ashe mutum zai iya gaya wa Allah ya gaji ba tare da ya bar Shi ba.

Muka yi ta ji har batiri ya mutu. Washegari na ce wa likita na yarda.

An cire ƙodar. Yau ina tafiya da ƙafata, babu roba. Alhamdulillahi.

Na gode wa Inna, da likitoci, da nas-nas. Yohanna kuwa bai fito da rai ba, ciwon ya haura masa. Ku da kuka ce bai kamata in ji waƙa daga wayar Kirista ba, ina kuke lokacin da yake riƙe min jakar fitsari in gyara kwanciya?

Duk wanda ɗansa ke fitsarin jini, ya kai shi asibiti gobe, kada ya tsaya jiƙo. Wanda ya ce maka alamar girma ce, turo min shi in ɗaga riga ya ga ɗinki.