Sunan da Ba a Kira a Cocinmu

Lahadi ta biyu a watan Disamba, shekarar da nake aji biyar a firamare, na tsaya a gaban ikilisiyar ƙauyenmu da ke bayan Fadan Kagoma, riƙe da littafin rubutu mai jan bango. Ranar godiyar girbi ce. An jibge doya da damman dawa da kwandunan citta a gaban bagadi, wani zakara da aka ɗaure wa ƙafafu yana ta fuffuka a ƙarƙashin bencin dattawa, 'yan zumuntar mata kuma sun kife tulunan kiɗansu suna jira. Aikina shi ne in karanta sunayen sojojin ƙauyenmu da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. A cikin littafin akwai suna guda da ba a taɓa furtawa a cocin nan ba, sunan Dauda ƙanin babana, mahaifiyarsa kuwa, wato Kakata, tana zaune a benci na biyu.

Wannan kiran suna al'adarmu ce tun kafin a haife ni. Wani tsohon soja da muke ce wa Baba Saje shi ya fara ta. Ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa yana saurayi, ya sake shiga yaƙin basasa da furfurarsa, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji. Kowace godiyar girbi, bayan an gama baiko, wato sadakar coci, sai ya miƙe cikin tsohon kakinsa da ya sha guga, ya kira sunayen da ka, ɗaya bayan ɗaya, da muryar fareti. Duk wanda aka kira, mutanen gidansa su miƙe, babbansu ya amsa, "Gidansa yana nan." Babu kabarin ko ɗayansu a ƙauyenmu, don haka wannan amsar ita ce jana'izarsu, ita ce kuma ziyarar kabarinsu. Mu yara mun haddace jerin kamar waƙa, har mukan yi wasa da shi a bayan makaranta, ɗaya ya zama Saje da sandar rake a hammata. Mun kuma san cewa tsakanin Bulus Dogo da Ishaku Tanko, Baba Saje yakan yi shiru na ɗan lokaci, yana kallon rufin kwano, sannan ya wuce.

Wannan shirun na gidanmu ne. Takardar da ta zo wa Kaka bayan yaƙin basasa ba ta ce Dauda ya mutu ba, cewa ta yi ba a gan shi ba bayan wani faɗa da aka yi a bakin kogi. A nan Kaka ta kafa ƙafa. "Wanda ba a gani ba, nemansa ake yi," in ji ta, kuma ta gaya wa Baba Saje ido da ido cewa ranar da ya sa ɗanta cikin matattu, ranar za ta daina taka cocin. Fasto ya yi magana, dattawa sun yi, babana ma ya gwada sau ɗaya bai sake ba. A hankali aka daina ambaton sunan ko a tsakar gida, don kada a tsokano ta. Sai dai a ce "ɗan Kaka", ko "mai garmar can".

Garmar tana rataye a ƙarƙashin rumbun acca. Kowace bazara Kaka ta sauke ta, ta goge tsatsar, ta shafa mata man ja, ta mayar. Babana yana fama da tasa da ta cinye har ta koma kamar cokali, amma ba ya ko kallon waccan. Akwai kuma 'yar gonar cittar Dauda a gefen rafi, wadda mu jikoki muka fi tsana a duniya, domin mu ke kwaso ciyawar da ake rufe shukar da ita, mu ke tsaga cittar idan an tone, mu shanya a kan dutse, yatsu suna mana zafi har washegari. Kafin a tafi makaranta mun ɗebo ruwa, mun zuba wa aladu dusa, mun share tsakar gida, duk da haka idan Kaka ta ce gonar rafi, babu mai cewa ya gaji. Ranar kasuwa takan tafi da ni Kafanchan in riƙe mata kwando. Idan ta sayar, ba ta kama hanyar gida sai mun biya tashar jirgin ƙasa, inda ta yi wa Dauda rakiya ranar da ya tafi. Ta tsaya ta duba fuskar duk namijin da ya sauko, ni kuwa hankalina yana kan mai ƙosai. A lokacin ban ga abin tausayi a ciki ba, haushi kawai nake ji na tsayuwar rana.

A shekarar da ta gabaci waccan, tsufa ya fara taɓa Baba Saje. Ya tsallake sunan wani, iyalinsa suka fita suna kuka kamar ranar aka kawo labarin. Sai fasto ya ce a rubuta sunayen, aka kuma zaɓe ni saboda ni ce mai kyan rubutu a ajinmu, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Na zauna a ƙofar gidansa a gindin mangwaro, yana faɗa ina rubutawa. Da muka zo bayan Bulus Dogo ya ce, "A nan ki bar layi ɗaya. In kin zo wurin, ki ƙirga uku a zuciya, ki wuce." Na bar layin. Amma da na koma gida layin ya hana ni sakat. Shekara da shekaru ina ganin ƙawata Talatu tana miƙewa da 'yan gidansu ana kallonsu, mu kuwa muna zaune kamar ba mu ba da kowa ba. Na ɗauki biro na rubuta Dauda Bako, na ce a raina ai rubutu kawai ne, ba sai na karanta ba. Baba Saje bai iya karatu ba, babu wanda ya duba.

Ranar godiyar muryarsa ta ƙi fita, shi ya sa aka tsayar da ni. Na fara, gidaje suna miƙewa suna amsawa. Na kira Bulus Dogo, aka amsa. Har yau ban sani ba ko tsoro ne ya sa bakina ya bi idona, ko kuwa da gangan na yi. Na dai ji muryata ta ce Dauda Bako, da ƙarfi, har ƙarshen coci.

Babana ya ɗan ɗaga daga benci, ya dubi uwarsa, ya koma ya zauna. Baba Saje ya sunkuyar da kai. Ni kuwa a raina na riga na ga Kaka tana ficewa daga cocin da ta ɗauko wa ruwan gini a kanta, kuma ni ce sanadi. Can ta dafa bencin gaba, ta miƙe a hankali, ta gyara zanenta. Ba ƙofa ta nufa ba. Ta dubi Baba Saje, ba ni ba, ta ce, "Gidansa yana nan." Sai babana ya miƙe, da mamata, da ƙannena, wasu matan suka fara share hawaye da bakin ɗankwali. Yadda na ƙarasa sauran sunayen, ban tuna ba.

Kwana biyu ina zillewa, ina jiran duka. Ranar Laraba ta same ni ina tsaga citta. Kaka ba ta yi mana Hausa sai za ta yi faɗa, kuma Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ta ce, "Kai, zo nan. Wa ya aike ka?" Na ce babu kowa. Ta zauna kusa da ni a kan dutsen, ta ɗauki wuƙa ta kama tsagawa, sannan ta koma yarenmu, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce shekara goma sha huɗu ba ta ji sunan ɗanta a bakin mutum ba, kuma ita ta hana. Tana tsoron kada a binne shi da rai, ashe ita ce take shafe shi a gidan ubansa, har jikokinta suna ce masa mai garma. Ta ce in sake faɗa ta ji. Na faɗa. Da yamma ta sauke garmar ta miƙa wa babana, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Ranar kasuwar da ta biyo, muka sayar da citta muka wuce tasha ba mu tsaya ba. Abin mamaki, ni ce na waiwaya.

Yanzu ina koyarwa a Kaduna, na kusa ritaya, amma kowane Disamba nakan koma gida da littafin nan, bangonsa ya koɗe. Kaka da Baba Saje suna kwance a maƙabartar bayan coci, ba nisa da juna. An ƙara sababbin sunaye a ƙasan tsofaffin, na yaran da suka tafi yaƙin arewa maso gabas, har da jikan Talatu. Idan na kira waɗannan, benci guda cur ke miƙewa. Tsofaffin kuwa, gidajensu sun watse zuwa Kaduna da Abuja, wasu rufin ma ya faɗa. Bara na kira Bulus Dogo babu wanda ya motsa. Na ƙirga uku a zuciya, na ɗaga kai daga littafin na amsa masa da kaina. Tun ina aji biyar na san nauyin shirun nan, ba zan bar wa kowa shi ba.