Goran da Ba Kowa Bisa Shi

Na zo daga Argungu ganin jikata Rabi a Gwadangaji. Ina shiga ɗakinta sai na tsaya cik. Ita ka rubuta min wanga labari, ni ban yi boko ba.

Wani zane ta jingine ga bango, aikin makarantarsu. Gulbinmu ne, masunta kwance bisa goruna, kowa da homa tai ta kamun kihi. Ruwan kamar ka taɓa ka jiƙe. Amma can gehe ga gora guda yana yawo, ba kowa bisa shi.

Na ce, "Rabi, wa ya mutu?"

Ta yi dariya. "Kaka, ba wanda ya mutu. Mutanen ne sunka taru hannun dama, hagu ya yi wohi. Malaminmu ya ce kada zane ya rinjaya gehe guda, shi ne na sa gora."

Na ce, "Ke ɗiyar nan, gora ba ya yawo shi kaɗai. Haka na kakanki ya dawo muna, kwana biyu kahin a ga gawa tai. Kuma gobe babanki za shi ruwa."

Dariya ta tsaya. Ba ta taɓa jin labarin ba, mu munka ɓoye mata.

Ban zamna ba sai da ta ɗauko fenti ta ɗora mutum bisa goran, hannu biyu riƙe gam. Ta ce malam zai rage mata maki. Na ce shi rage.

Ku masu karatu, na yi kuskure? Ku dai sa Sani, baban Rabi, cikin addu'a, da sahe za shi shiga ruwa.