Madubin da Ba a Kunna Ba

Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, ban yarda ana iya irin aikin Kawuna a nan ba. Aikin shi ne a cusa roba cikin wasu ƙananan bututu da ake yi da sinadari dangin tsatsar ƙarfe, waɗanda ido ba ya gani. Inda na yi karatu an koya mana cewa in roba ta matsu a irin wannan rami, halinta kan canza, ta ƙara tauri, ta ƙara jure zafi. Amma sai da babban madubin lantarki mai ƙara girman abu ake ganin ko ta shiga.

Kawu ya tsufa yana koyar da kimiyyar sinadarai a jami'a, ɗalibai na kiransa Baba Bututu. Ɗakin gwajinsa na ƙarshen baranda. Tanda ɗaya ce a ciki, an ɗaure ƙofarta da waya, sai famfo mai ɗiga da kanta cike da kwalaben farin gari. Garin nan shi ne tarin ƙananan bututun. Da hannunsa yake gasa shi, ya jiƙa shi da narkakkiyar roba, ya shanya, ya jera.

Madubin kuwa akwai shi. An sayo shi tun Kawu bai yi furfura ba, aka kulle a ɗakin da ke kallon nasa. Al'adar wurin, ba a kunna sabon kaya sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle. Baƙon ya yi ta ɗaga rana. Shugabannin sashe suka yi ta gadon mabuɗi, kowa ya sa a aljihu. Ranar da aka buɗe, ruwan sama ya riga ya shiga ta rufi, ɓeraye sun cinye wayoyin.

"Duk da haka an tafa, ɗan nan," in ji Kawu. "Har hoto aka ɗauka. Ina ciki, can bayan mai raba ruwa."

Da ya yi ritaya sai ya kwaso kwalabensa gida.

"Gari cike da ɗaki," in ji matarsa tana miƙo mana shayi, "ba na sawa a tukunya."

Na ce, "Kawu, in aika wa malamaina kwalba ɗaya su duba mana?"

Ya daɗe yana juya kofinsa.

"Da ina da sauran ƙarfi, da duka zan ba ka. Yanzu in suka ce bututun wayam yake, wa zai mayar mini da shekaruna? Bar su a rufe."